Kwasakwasa a Shafi na Huɗu

Kafin rana ta leƙo ta bayan tuddan Valparaíso,
kafin jiragen masunta su juyo da kamun dare,
nakan saka tsaba a hannun yaron jarida,
in tsallake kanun labarai kamar mai tsallake kwata,
in nufi shafi na huɗu, can ƙasa, gefen hagu,
inda Llanquín ke ajiye mana dariyar yini.

Ɗan akwati ne, bai kai tafin hannuna ba,
amma a ciki ya zaunar da magajin garinmu,
ya ja masa baki har ya koma kwasakwasa,
ga ɗamarar mulki a ƙirji, ga jaka a maƙogwaro.
Ran Litinin ya haɗiye kuɗin gyaran matakala.
Ran Laraba, fitilun unguwarmu.
Ran Juma'a yana rantsuwa bai karya kumallo ba,
ga tayar motar asibiti tana leƙowa ta gefen baki.

Herminia, mai tebur kusa da nawa, karatunta bai yi nisa ba,
ba ta kuwa buƙatarsa.
Takan goge hannu a jikin riga, ta karɓa,
ta yi dariya har haƙorin azurfarta ya sha iska.

Da jarida muke naɗe kifi, kowa ya sani.
Na naɗe da jawabin minista, na naɗe da farashin tagulla,
har da sanarwar rasuwa, Allah ya yafe mini.
Wannan kusurwar dai sai na yage ta tukuna,
in soke ta a ƙusa jikin sandar rumfa.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Iskar teku ta rine na ƙasan, sun koma ruwan ƙasa.

Wata safiyar sanyi, cikin Yuli, ana yayyafi,
wani tsoho ya tsaya, hula jiƙe, yana tari,
ya nuna ƙananan kifi biyu, ya yi tayin marowata.
Ya ga ina yage kusurwar, ya ce, "Me ka tsana a wurin?"
Na ce, "Tsana? Nan kaɗai ne ba a yi mini ƙarya."
Ya ce, "Mai zanen matsoraci ne.
Tsuntsu ya zana, don ya san tsuntsu ba ya kai ƙara."
Raina ya ɓaci, saura kaɗan in hana shi kifin.
Ya ce, "Naɗe mini da shi. Aikinsa ke nan. Gobe akwai wani."

Sai da ya miƙo kuɗi na ga tawada
ta tare a gindin farcensa, baƙa, tsohuwa,
irin wadda sabulu ya gaji ya sallama mata wuri.
Bakina ya yi nauyi.
Na cusa kifi na uku cikin ƙunshin,
bai gani ba, ko ya yi kamar bai gani ba.
Ya kama hawan tudu, yana hutawa duk bayan taki goma.

Goben ta zo da wani, yadda ya faɗa:
kwasakwasa a bakin gaɓa yana hararar wani mai kifi,
mai kunnuwa kamar faifai, yana soke takarda a ƙusa.
Herminia ta ce kunnuwana ne sak.
Na ce sharri ne.
Na sayi kwafi shida.

Da zafi ya shigo, wurin ya koma tallan katifa.
Wasu suka ce hannu ne ya fara rawa,
wasu suka ce waya aka bugo daga sama.
Ban bi diddigi ba.
Magajin gari ya sake cin zaɓe.

Yanzu da hantsi nakan watsa hanjin kifi bayan rumfa,
na gasken su sauko, kowa da jakarsa a buɗe.
Akwai wani ƙato mai ture 'yan'uwa da kafaɗa.
Nakan cire masa hula, in ce, "Ranka ya daɗe,"
layin masu kifi ya ɗauka daga wannan baki zuwa wancan,
kuma har yau ba wanda ya tambaye ni dalili.