Naira Ɗari

Ni ne mai tura fim a Agege,
tsakanin titin jirgi da mai gasa masara.
Teburi ɗaya, kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
da janareta mai tari kamar tsohon mashayi.
Naira ɗari. Miƙo wayarka,
in zuba maka duniyar da ba a taɓa kwana cikinta ba.

Sadisu kan zo bayan la'asar,
rigarsa na warin tumatir,
kwando ya cinye gashin tsakar kansa.
"Na faɗa nake so, Malam,
wanda mutum ɗaya ke kwantar da ashirin."
Na tura masa.
Wata uku, tafiyarsa ta sauya,
kafaɗa ta buɗe, gaisuwa ta gajarce.
Ranar da 'yan tasha suka tare shi a Oshodi
kan kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba,
sai ya tuɓe riga, ya dunƙule hannu
yadda ya gani,
yana jiran kiɗa ya tashi.
Kiɗa bai tashi ba. Kwalba ce ta tashi.
A fim jini kan bushe kafin a sauya wuri.
Nasa kwana tara yana jiƙa auduga.
Ido ɗaya ya baro ƙarƙashin gada.

Lantana matar mai tsire ba ta son na duka.
Ita dai gidaje masu bene,
labule har ƙasa,
miji da ke dawowa da fure, ba ƙaurin hayaƙi ba.
Da, in ruwan sama ya shigo ɗakinsu,
tare suke kwarfewa suna dariya.
Yanzu tana tsaye, waya a hannu,
tana auna mijinta da mutumin
da aka ara wa mota, aka ara wa agogo,
har murmushin nasa ma haya ne.
An ce tuwo ya ƙone sau uku a mako guda.
Ban tambaya ba. Ta biya, na tura kashi na goma sha bakwai.

Nakan ce wa raina:
mai sayar da wuƙa ba shi ke yanka ba.
Akwai fim da ya sa ni kuka na kira uwata a Gumel,
wannan ma ni na tura.
Kuma Ikko ba ta ciyar da mai tsantseni,
mai gida na ƙwanƙwasa ƙofa tun wata bai mutu ba.

To, daren Talata na koma gida.
Babu wuta, zafi kamar bakin tanda.
'Yata Hajjo, shekara biyar,
wadda har yanzu ke cakuɗa Ƙulhuwallahu,
ta haɗa yatsu biyu ta ɗora a goshin kakarta,
ta ce da harshen da babu mai yin sa a zuriyarmu,
"Durƙusa, ko in fasa kanki."
Ba ta yi kuskuren kalma ko ɗaya ba.
Tsohuwa ta yi dariya don ba ta ji ba.
Ni na ji.
Na san fim ɗin, na san minti na nawa ne.
A wayata ta gani.

Washegari na buɗe teburi, ba zan ɓoye ba.
Na goge wasu, na bar wasu,
hannuna na rawa kamar mai zaben tsakuwa a shinkafa.
Jirgi ya wuce, ƙasa ta girgiza.
Sai ga Sadisu, tabarau baƙi a fuska.
Ya ajiye naira ɗari.
"Akwai sabo?"

Na dubi kuɗin.
Na dubi idon da ya rage.
Janareta na ta tari,
mai masara na ta fifita wuta.