Zafin Bayan Gudu

Asabar, ƙarfe uku, a bayan garin Bakersfield.
Kwalta na laushi kamar kakin zuma.
Ni da tsoho Eusebio, kowa da buhun ƙanƙara a kafaɗa,
muna jiran 'yarsa ta dawo daga gudun farko.

Ta dawo. Daƙiƙa goma sha ɗaya da 'yar ɗoriya.
Ta tuɓe hular kwano, gumi har haɓa, tana dariya.
Uban bai taya ta ba.
Ya ce, "Ɗaga bonet, Ɗanjuma. Yanzu aka fara."

Da na zo ƙasar nan, na ɗauka gudu ke cin inji.
Ashe tsayuwa ce.
A guje, iska na shiga ta hanci tana kwashe wuta.
A layi kuwa, mota ashirin a gabanka,
tarbo ya yi jajir kamar garwashin maƙera,
ba shi da wanda zai ba zafinsa sai maƙwabta.
Bututu ya karɓa, ya miƙa wa ragar sanyaya iska,
raga ta sha, ta sha, ta sha,
har ita ma ta koma murhu.
Mai rabon faɗa ya tuɓe riga.

Na san abin tun ina yaro, sunansa ne ban sani ba.
Tandar wainar kakata, an janye itace tun ɗazu,
toka ta yi fari, na kai yatsa.
Ga tabon nan, ƙarƙashin baƙin mai.

Iska mai zafi kumburi ce kawai,
ciki ya cika, ba a ƙoshi ba.
Kwamfuta ta ji ɗumi, ta tsorata kada fistin ya fashe,
ta ja wutar fulogi baya a asirce,
ƙarfin doki arba'in ya sulale ba sallama.
Watan jiya haka aka yi mana:
gudu na biyu, Marisela ta take totur har ƙasa,
motar ta amsa kamar wanda aka tasa daga barcin rana.
Ta doki sitiyari har hon ya yi kuka.

Makonni uku muna gareji bayan an tashi.
Muka lulluɓe tarbo da bargonsa kamar mai zazzaɓi,
muka naɗe salansa da ƙyallen da ke sa hannu ƙaiƙayi,
bututu ya sha takardar gwal,
matatar iska muka kai ta can gefen taya, nesa da gulmar wuta.
A but, tankin ruwa, sai ƙanƙarar shagon Koriyawa,
dala uku buhu.

Yanzu ga mu, fanka biyu na hura mata fuska.
Ruwa na ɗiga a takalmina.
Eusebio ya ɗora bayan hannunsa kan bututu
yadda uwa ke taɓa goshi.
Bai ce komai ba. Ya sauke bonet.

Sha ɗaya cif.

Ta kai hannu ga makulli, ya daka mata tsawa:
"Bar shi ya numfasa!
Kashe shi da zafinsa, mai ya ƙone a cikin tarbo."
Ta ce, "Kai ko barka ba ka iya ba?"
Aka yi sama-sama da Sifaniyanci, ban tsinci ko rabi ba.

A hanyar gida muna uku a gaban akori-kura.
An daina magana tun wajen gonakin lemo,
amma ni da ke tsakiya
ina jin kafaɗar dama, ina jin ta hagu.

Na rufe gareji ƙarfe tara.
A cikin duhu motar na nan tana ƙas,
ƙas,
ƙarfe na mayar da abin da ya sha da rana.