Inda Safar Ta Ƙare

Bakwai da rabi na sauka daga napep,
na baro kogin Kaduna ya yi jawur da ruwan damina.
A ɗakin haɗa magani ma ja ne ke jirana,
kamar zoɓon da Rifkatu ke kawowa a gora,
sai dai shi wannan ba a kai shi baki.

Safar hannu biyu aka rubuta a bango.
Ɗaya aka ba ni.
Na'urar zuƙe iska ta mutu tun kafin azumi,
fanka ce ke raba mana abin da muke shaƙa.

Na ja a sirinji, na tura a ledar ƙarin ruwa,
na rataya wa Malam Ɗanjuma, gado na shida.
Ya ce, "Sista, Allah ya biya ki."
Na ce amin. Ban gaya masa ba,
ɗigo ɗaya ya sauka a wuyan hannuna,
daidai inda safar ta ƙare.
Ko zafi bai yi ba.
Wuta dai in ta taɓa ka, ka sani.

Kwanakin baya wata ɗaliba ta zo daga Zariya,
ta goge cikin kumatunmu da auduga,
wai za ta duba ƙwayoyin halitta,
saƙar da uwa da uba suka bar mana a jiki.
Ta ce maganin daji bai san mai ciwo da mai jinya ba,
duk zaren da ya tarar yana iya tsinkawa.
Har yau muna jiran sakamako.

Rifkatu ta yi ɓari sau biyu.
Ba wanda ya ce shi ne.
Ba wanda ya ce ba shi ba ne.

Ni kuwa wata na uku ke nan.
Mu uku ne a sashen; in na janye, wa zai haɗa?

Da dare a Kakuri
na jiƙa farin kayana a bokiti daban,
na wanke hannu har fata ta yi fari, sannan na taɓa tuwo.
A kwance na ɗora dama a kan marata,
na tuna, na janye,
na ɗora hagu.

Gobe zagayen Malam Ɗanjuma na huɗu.
Ƙullutun wuyansa ya ragu, ya nuna min yana dariya.
Na sayi kwalin safa a kemis da kuɗina.
Takardar da na rubuta wa shugabar sashe
tana cikin jaka, ninki huɗu,
ƙarƙashin katin awo.