Kunnuwa Shida

Ruwan Agusta ya kwana uku bai ɗauke ba,
Jos ta jiƙe har cikin aljihu.
Na sauko da jita daga jikin ƙusa,
na taɓa tsirkiyar farko,
sai ta amsa mini kamar mai mura.

Na naɗe ta a leda, na saƙala a kafaɗa,
na bi ta Dilimi ina tsallake kwatami
har shagon Baba Chollom kafinta,
wanda ya baro haƙar kuza da kunne ɗaya,
ɗayan nakiya ta karɓe.

Bai ce mini sannu da ruwa ba.
Jitar ya gaisar.
Ya ɗora ta a cinya kamar jikanya,
ya ƙwanƙwasa cikinta da ɗan yatsa
yadda ake zaɓen kankana a Farin Gada,
sannan ya kafa haɓa a jikin katakon,
wai ƙashi ya fi kunne jin gaskiya.

"Itace ba ya mutuwa," in ji shi,
"ganye kawai aka hana shi.
Da damina yana shan ruwa ta iska,
ya kumbura, ya lanƙwasa wuya,
kai kuma ka zauna kana zagin tsirkiya."

Kunnuwa shida gare ta, kowanne da halinsa.
Ya kama ɗaya ya murɗa kaɗan,
kaɗan ƙwarai, kamar mai rage lagwanin fitila
kusa da jaririn da bai daɗe da barci ba.
Amo ya taso daga ƙasa yana rarrafe,
ya riski ɗan'uwansa, suka kama kokawa,
iska na karkarwa a tsakaninsu,
karkarwar ta yi sanyi,
ta ƙara sanyi,
ta tsaya cak.
Na nemi biyu, na ji ɗaya.

Ta uku ce mai gardama.
A ja ta, ta zarce; a sassauta, ta gaza,
ga wani zuu a ƙarƙashinta
kamar ƙuda ya faɗa kwalbar lemo.
Ya zare 'yar robar da tsirkiyoyi ke hawa,
ya wurgar cikin ɓawon katako,
ya ɗauko ƙashin saniya da ya roƙo a kwata,
ya goga da zarto, ya hure, ya gwada,
ya cire, ya sake gogawa,
har shayin da ya sayo mini ya huce ban kurɓa ba.

Na ce, Baba, a sa ta yi tas
kamar sababbin da ke rataye a Taminus.
Ya bi tsaguwar gefenta da farce,
wadda ta samu ranar da muka loda kaya cikin gaggawa,
yayana Sidi ya ɗora katifa a kanta.
Bai tambaye ni wace rana ba. Ya sani.
"Na manne ta, ba za ta ƙaru ba.
Dushewar muryar kuwa ba zan taɓa ba,
da ita zan gane taka cikin ɗari."

Sai ya sauke babban yatsa a kan duka shida.
Ta ƙasa ta yi gurnani mai ɗumi
kamar tukunyar gwate a kan garwashi,
ta sama ta zubo siririya
kamar ruwan da ke bin dutsen Shere bayan hadari,
na tsakiya suka riƙe wa juna hannu.
Telan maƙwabta ya ɗaga ƙafa daga keke.
Amon ya daɗe a ɗakin, ya daɗe,
ban san inda ya ƙare ruwan kwano ya karɓa ba.

Ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ya cusa a hula.
"In rani ya shigo za ta sake hali. Kada ka dawo.
Ai ka gani."

Kafin in kai gida sanyi ya riga ni,
ta ukun ta zame.
Na zauna bakin gado da jiƙaƙƙen wando,
na kafa haɓa a jikin katako,
na kama kunnenta.