Ƙanzon Haske

Ƙarfe biyun dare a Rochester,
ƙanƙara ta toshe bakin titi,
ni kuwa ina can ƙasan bene,
farar riga ta haɗiye ni har gira,
ina leƙen gilashi mai faɗin faifai.

Iskar ɗakin nan sai an tace ta, an sake tacewa,
kafin a ba mu mu shaƙa.
Ba ƙura, ba gashi, ba ɓurɓushin fata.
Mai jin tari ya nemi ƙofa.
Amma ga shi nan,
a tsakiyar gilashin, daidai inda hasken leza ke ratsawa,
tabo ruwan ƙasa ya kwanta,
kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Gefen da ke cikin duhu tas yake.
Abin da ya hana ni barci ke nan.
Inda haske bai leƙa ba, ba abin da ya zauna,
inda ya fi ƙarfi, nan dauɗa ta kafa gida.

Delphine, shugabarmu, ta ce da ni:
"Hasken bai zo da komai ba.
Wani tururi ne ke yawo a bututun,
ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa.
Ya sauka, ya tashi, ya sauka, ya tashi,
ranar da ya sauka kan hanyar haske
sai a soye shi a wurin.
Ya manne, ya yi duhu, ya sha zafi,
har wata rana gilashin ya dare."
Na ce a raina, in ɓera da sata,
daddawa ma da wari.

Ruwa ba ya tsami banza. Muka shiga nema.
Muka tuhumi man injin zuƙar iska,
muka tuhumi robar murfi, da safar hannu, da rigar wayoyi.
Kowa na satar kallon ɗan'uwansa.
Ni kaina na tuhuma.
Humrar da Gwaggo Kubura ta ƙullo mini daga Gumel
na tura ta ƙasan akwati,
na haɗa da man kaɗe.
Sanyi ya tsattsaga mini bayan hannu.
Mako shida ina zuwa aiki
ba ƙamshin kowa a jikina.

Tabon ya dawo.

Ranar Laraba muka kwance bututun gaɓa-gaɓa.
A bayan maƙalin madubi na huɗu
ga 'yar takarda mai gam, ba ta kai ɗan yatsa ba,
da rubutun tsoho Okonski, mai karkata hagu:
"Na daidaita. Kada a taɓa."

Shekara uku ke nan da muka raka shi
makwancinsa, kusa da kogin Genesee.
Shi ya koya mini riƙe gilashi ta gefe
kamar mai ɗaukar jinjirin wani.
Gam ɗin bai sami labarin rasuwar ba.
Yana nan cikin duhu yana numfashi a hankali,
haske na tsince numfashin
yana tarawa a inda za mu gani.

Delphine ta daɗe tsaye, ɗan hantsaki a hannunta.
Ba wanda ya taɓa, ta ce,
mun dai bi umarni.

Muka kai gilashin ƙarƙashin wata fitila,
muka sakar masa oksijin.
Abin da haske ya ƙulla, haske ya kwance,
sannu-sannu, kamar mai warware kitso.
Kafin asuba ina hango bango ta cikinsa
kamar ba komai tsakanina da shi.

Takardar tana cikin leda a aljihun jakata.
An ce a jefar. Ban jefar ba tukuna.

Na isa gida motocin share ƙanƙara na ta kai-komo.
Na jawo akwati, na lalubo kwalbar,
murfin ya cije, sai da na sa haƙori.
Na ɗiga a wuya, na ɗiga a hannun da ya tsage,
ya yi zafi,
na kashe fitila na zauna.