Busa, Temuulen

Ƙarfe takwas na safe a Ulanbato,
rana ba ta fito ba, ko ta fito an rufe mata ido.
Daga tagar asibiti ina kallon tudu:
tantuna farare, kowanne da bututunsa,
kowane bututu na tofa baƙin yawu sama,
sama ta ƙi karɓa, ta dawo mana da abinmu.

Temuulen ya shigo riƙe da hannun kakarsa.
Shekara bakwai, haƙoran gaba biyu sun tafi,
hular fatar dila ta cinye masa gira.
Kafin ya zauna na ji shi,
wani siririn fito a ƙirji
kamar buta ta kusa tafasa a ɗakin maƙwabta.

Na matse masa hanci, na sa bututun na'ura a bakinsa.
Na ce, "Ja iska har ta ƙi shiga,
ka busa kamar mai koran tumakin kawunka
daga nan zuwa hamadar Gobi."
Ya busa. Jijiyar wuya ta miƙe.
Layi ya hau allo, ya yi tsawon yatsa,
ya lanƙwashe, ya durƙusa kamar raƙumin da ya gaji.
Sau uku muka yi. Na ukun tari ya ƙwace.

Da yamma majinar ƙirjinsa na kan gilashi.
Na ɗiga rini, na sunkuya kan madubi.
Ga su nan, ƙwayoyin da jiki ya turo gadi,
sun cika hanya har mai gida ya rasa ta wucewa.
A cikin wasu akwai ɗigon baƙi
kamar niƙaƙƙen masoro:
sun haɗiye kwal, ya ƙi narkewa.
Na ƙirga ɗari huɗu. Na rubuta.
Idona ya kawo ruwa, na ɗora wa rinin laifi.

A takardata babu sunansa.
Lamba ce, ɗari biyu da sha huɗu.
Za ta shiga jadawali da 'yan uwanta,
a kai su taro a wani gari mai tsabtar iska,
a haska a bango, a gyaɗa kai, a fita shan kofi.
Ban raina wannan ba.
Ban san wata hanyar da fiton ƙirjin yaro
zai hau bene ya shiga ofis ba.

Ran Alhamis kakar ta dawo ita kaɗai.
Tsetsegmaa, hannunta duk tsaga, faratan baƙi ƙirin.
Ƙanwar yaron, 'yar wata biyar, tana hawa na uku
da roba a hanci, haƙarƙari na shiga yana fita,
cutar da ke zagaye jarirai duk lokacin sanyi ta same ta.
Ta ce, "Me na'urarki ta faɗa?"
Na ce hanyoyin iskarsa sun kumbura.
Na ce hayaƙi.
Ta daɗe tana kallon takalmina.
"Daren jiya sanyi ya fasa mana tulun ruwa.
In na kashe murhu, ba zai kai asuba ba.
In na hura, zai kai, yana tari.
Ke da kika yi karatu, zaɓa mini."

Ban zaɓa ba.
Na ba ta shuɗin maganin shaƙa,
na nuna mata: girgiza, danna, ƙirga goma.
Ta ƙirga a fili, ta sa shi a ƙirjin rigarta.

Motar haya ta ajiye ni inda kwalta ta ƙare.
Na hau tudun da na wuni ina kallo.
Na duƙa na shiga tantinmu,
wuta ta kusa mutuwa,
na ƙara mata kwal, cebur biyu.
Nomin tana barci ruf da ciki.
Na jira hannuna ya yi ɗumi,
na ɗage bargo, na sa kunne a bayanta,
na riƙe nawa numfashin
don in ji nata.