Kalmomi Biyu a Whitby

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyara rubutun mutane
a wata maɗaba'a bayan kasuwar kifi,
jan biro a hannu, tabarau a karan hanci.
Yau jikata Tamsin ta zo da aikin makaranta,
ta ce, "Kaka, discourage da dishearten,
ba Ɗanjuma ne da Ɗanjummai ba?"

Na ɗora buta a wuta.
Ƙamus yana kan kanta, ban sauko da shi ba.

Na ce, kin tuna kwalekwalen kakanki Cedric,
mai shuɗin fentin nan da ke ɓarewa?
Likita ya ce masa ya bar teku, ƙirjinsa ba ya so.
Ni ma na faɗa, har na ɓoye masa takalman roba.
Kalmar farko ke nan:
hannu ne a kafaɗa, murya a bakin ƙofa,
tana da abin da take son ka fasa.
Ana iya yin ta da ƙauna.
Ana kuma iya yi mata kunnen uwar shegu,
shi ya yi,
ya fita da asuba da takalman maƙwabci.

Ta biyun ba ta zo da bakin kowa ba.
Ranar da aka binne Alwyn, abokin jan ragarsa,
ya dawo, ya rataye hula,
ya zauna a kujerar nan da kike kai.
Teku kwance lamui, iska ba ta ko motsi,
takalmansa na fito da su da kaina, na goge,
na ajiye inda zai gani.
Ya dube su kamar na wani ne.
Shayinsa ya huce har sau uku.

Ba wanda ya hana shi komai.
Abin da ke tashinsa ne ya daina tashi.

Tamsin tana cizon gindin fensir.
Ta ce, "Layi biyu kawai malama ta bari."

To rubuta, na ce:
ɗaya tana tare maka hanya,
ɗaya tana barin hanya a buɗe
ta tafi da mai tafiyar.

Buta ta yi ƙara. Na zuba kofi uku,
sannan na tuna,
na mayar da ɗaya.